Layin saƙonni tsakanin saba da masu buƙata: System V, POSIX, soket ko dillali?

Ɗan yayata ne ya same ni bayan la'asar a ofishinmu da ke Titin Gidan Zoo, laftof a hammata. Ya samu aiki wurin wani Alhaji mai babban shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Yaran shago huɗu ne ke sayarwa, kowa da wayarsa, amma duk wayoyin da ƙaramar kwamfuta ɗaya suke magana, mai ɗauke da Linux, wadda aka ajiye a ƙarƙashin teburin Alhaji. Firintar rasit ɗaya ce tak. Bayan rasit, Alhaji yana so duk wanda ya yi sari ya samu saƙon tes a wayarsa, mai ɗauke da abin da ya biya da abin da ya rage a kansa.

"Kawu," ya ce, "a makaranta msgget da msgsnd aka koya mana. A intanet kuma kowa RabbitMQ yake ambata. Wanne zan ɗauka?"

Na ce masa, kafin mu je nan, faɗa mini: idan aka ɗauke wuta yanzu akwai saƙo 20 a kan layi, ɓacewarsu asara ce ko kuwa ba komai? Ya yi shiru, ya ce bai taɓa duba abin ta nan ba. To ta nan ɗin ne zaɓin yake farawa, kuma abin da muka tattauna ranar shi nake son in shimfiɗa wa duk wanda ya tsaya a wannan mararraba.

Duk manhajar da ke gudana a kwamfuta, furoses ake ce mata, kuma kenel, wato zuciyar tsarin, ya yi wa kowane furoses katanga: wannan ba ya leƙa ma'adanar wancan. Idan furoses huɗu na neman firinta ɗaya, ba a barin kowa ya kai hannu, sai rasit ya hau kan rasit. Sai a naɗa furoses ɗaya ya zama saba, ita kaɗai ke taɓa firinta, sauran su zama masu buƙata, su riƙa aika mata. Tambayar ita ce ta wace hanya saƙon zai bi. Bututu, wanda masu Unix suka fi sabawa da shi, kamar ruwan famfo yake: bayit, wato ƙwayar bayani, na bin bayit, ba alamar inda saƙo ya ƙare wani ya fara. Layin saƙonni kuwa kowane saƙo a ƙunshinsa yake, kamar ƙullin goro, kuma mai aikawa yana iya ajiye nasa ya yi gaba ko da mai karɓa bai iso ba tukuna.

Na fara masa da wanda ya sani. Layin System V tsoho ne, ya yaɗu ne da Unix na kamfanin AT&T mai wannan suna, wanda ya fito a 1983. Kira huɗu ne duka: msgget ya buɗe layi, msgsnd ya aika, msgrcv ya karɓa, msgctl ya duba ko ya goge. Abin da ya sa malamai ke son sa shi ne lambar nau'i da kowane saƙo ke ɗauke da ita a goshinsa. Mai karɓa yana iya cewa a ba shi na farko kowane iri ne, ko ya ce saƙo mai lamba kaza kaɗai yake so, a tsallake sauran. Daga nan dabarar da kowane ɗalibi ya taɓa rubutawa ta fito: masu buƙata su aika da lamba 1, kowa ya saka lambar furoses ɗinsa a cikin saƙon, saba ta karanta masu lamba 1 kaɗai, ta mayar da amsa da lambar wanda ya tambaya. Layi ɗaya, tambaya da amsa duk a ciki, kowa na tsintar nasa. A allo abin gwanin ban sha'awa.

A shago kuwa ga inda yake cizo. A Linux, idan ba a taɓa saitin ba, saƙo ɗaya ba ya wuce bayit 8192, layin gaba ɗaya kuma bayit 16384 yake ɗauka. Idan rasit ɗinka bayit 512 ne, saƙo 32 sun cika shi. Ka ɗauka ana jajibirin Sallah, Kwari ta cika ta batse, firinta ta tsaya canjin takarda na minti biyu. Buƙatu suka cika layin. Saba ta dawo, ta ɗauki ɗaya ta gama, za ta ajiye amsa, amma kafin nan wani mai buƙata da ke jira ya riga ya cike gurbin. Ita tana jiran wuri ta ajiye amsa, su suna jiran amsa ko wurin ajiye tasu buƙatar, an yi cirko-cirko. Ba abin da ya mutu, ba kuskuren da ya fito a allo, komai ya tsaya kawai. Maganin da aka saba shi ne raba layi biyu, na tambaya daban na amsa daban, ko kowane mai buƙata ya buɗe nasa layin amsa. Da ka yi haka, rabin kyan dabarar ya tafi.

Akwai na biyu, kuma ya fi wannan ɓoyewa. Mai buƙata ya aika, kafin amsa ta zo ya mutu. Amsarsa za ta zauna a layi ba mai ɗauka, tana cin wuri, domin layin bai san wa ke raye ba. Kenel kuma yana sake raba lambobin furoses idan sun zagayo, saboda haka wata rana sabon furoses zai gaji lambar mamacin ya gaji amsarsa. Ga kuma wani abin dariya da zamanin Docker ya kawo, manhajar nan mai killace kowace manhaja a ɗakinta da ake kira kwantena: an zaɓi lamba 1 ne domin a Unix ta furoses ɗin farko ce, ba mai buƙatar da zai samu irinta, amma a cikin kwantena manhajarka ita ce ke iya zama mai lamba 1 ɗin.

Sauran matsalolinsa na gaji da gani ne kawai. Layin ba shi da suna, da lambar mabuɗi ake nemansa, ita kuma yawanci ftok ke haɗa ta daga lambar wani fayil, wanda idan aka goge shi aka sake ƙirƙira lambar na iya canjawa, saba ta buɗe layi daban masu buƙata su buɗe daban. Ba ya shiga select ko poll ko epoll, kiraye-kirayen sauraron hanyoyi da yawa lokaci guda, wato saba ba za ta iya sauraron layi da intanet a zama ɗaya ba sai da dabara. Ba shi da hanyar cewa "jira daƙiƙa 5 ka haƙura", ko dai ka jira har abada ko kada ka jira sam. Kuma idan manhaja ta fita ba ta goge shi ba yana nan zaune, sai ka bi da ipcs ka gani, ka share da ipcrm. Ni dai ba na fara sabon aiki da shi. Idan ka gaji tsohuwar manhaja mai amfani da shi, ko kana buƙatar tsintar saƙo da lambar nau'i, ko kuma dole aikin ya gudana har a macOS inda na POSIX babu shi, to ka riƙe shi da saninka.

Layin POSIX ƙanensa ne, an tsara shi a 1993 cikin ƙa'idojin ayyukan da ba sa son jinkiri, amma bai shiga Linux ba sai a kenel 2.6.6, a 2004. An gyara abubuwa da dama. Layi yana da suna kamar fayil, ka ce /rasit, ka buɗe da mq_open, kuma a Linux kana iya ganinsa da idonka a /dev/mqueue. Akwai mq_timedreceive da mq_timedsend masu jira na ƙayyadadden lokaci. Idan ka goge da mq_unlink, waɗanda ke riƙe da shi za su ƙarasa aikinsu, ba kamar na System V da ake fizgewa nan take ba. A Linux kuma yana shiga epoll, ko da yake wannan kyautar Linux ce, ƙa'idar ba ta yi alkawarinta ba.

Maimakon lambar nau'i, fifiko yake da shi, daga 0 zuwa 32767 a Linux, kuma kullum mafi girman fifiko ne ke fara fita. Ga shagon Alhaji wannan ya yi daidai: rasit ɗin mutumin da ke tsaye a gaban kanta ya tsallake rahoton ƙarshen rana mai shafi goma. Amma ka lura, ba za ka iya cewa "ba ni nawa kaɗai" ba. Saboda haka in ana son amsa, dole kowane mai buƙata ya buɗe layinsa ya faɗa wa saba sunansa. A nan iyakokin ke fara matsa ka. Layi ɗaya saƙo 10 kacal yake ɗauka idan ba a ɗaga saitin da ke /proc/sys/fs/mqueue ba. Kuma a yawancin na'urori an ware wa kowane mai amfani bayit 819200 na dukkan layukansa, ana cire kason layi tun ranar buɗe shi ko da babu komai a ciki. Saƙo 10 sau bayit 8192 ya ba ka 81920, ga ɗan ƙari na lissafin kenel, ka ga kenan a layi na goma za a ce maka babu wuri. Maganinsa mai sauƙi ne, ka faɗi girman saƙonka na gaskiya lokacin buɗewa, amma sai wanda ya sani.

Wani tarko da ya shafi layukan biyu, wanda ya taɓa cinye mini yini guda: a na'urori masu systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux tana kula da su, akwai saiti mai suna RemoveIPC, wanda idan yana kunne, da zarar mai amfani na gama-gari ya fita daga na'urar gaba ɗaya sai a share layukansa. Ka shiga daga nesa ka tayar da saba da asusunka, komai lafiya, ka rufe laftof ka hau adaidaita sahu, kafin ka kai Ƙofar Nassarawa an kira ka. Saba ta gudana da asusun tsarin, ba da naka ba. Haka nan kwantenoni biyu na Docker ba sa ganin layin juna sai an haɗa su da gangan.

Da muka zo nan sai yaron ya ce, "To Kawu, POSIX kenan." Na ce dakata, firintar nan, yaron shago yana buƙatar sanin rasit ya fita ko bai fita ba? Ya ce ƙwarai, idan takarda ta ƙare dole wayarsa ta nuna masa. Na ce to ba layi kake nema ba, hira kake nema, kuma abin hira shi ne soket.

Soket na cikin gida, wanda ake kira na Unix, sa'an System V ne, ya zo da 4.2BSD a 1983. Da shi rumbunan ajiye bayanai irin su PostgreSQL da MySQL, har da Docker, ke magana da masu buƙatarsu a na'ura ɗaya. Saba ta buɗe shi a wani suna cikin fayiloli, kowane mai buƙata ya haɗu da ita ya samu hanyarsa shi kaɗai, mai zuwa da dawowa. Duk wahalar "amsar wa ce wannan" ta kau, domin ta inda tambaya ta shigo ta nan amsa ke fita. Idan ɗaya ya mutu, kenel ya rufe hanyar, ɗayan ya sani nan take, ba ragowar da za a share sai fayil ɗin sunan. Mai ƙorafin cewa soket ma ruwan famfo ne, bai gwada nau'in SOCK_SEQPACKET ba, wanda Linux ke da shi tun 2.6.4: yana riƙe iyakar kowane saƙo kamar layi, yana kuma riƙe jerinsu. Sannan ga abin da ya fi burge ni. A layin kenel, lambar da mai aikawa ya rubuta a saƙo ita za ka yarda da ita, ko gaskiya ko ƙarya, kuma duk mai izinin karanta layin yana iya ɗauke saƙon wani. A soket kuwa saba na iya tambayar kenel da SO_PEERCRED, ya faɗa mata wane furoses ne kuma na wane mai amfani. Inda kuɗi ke yawo, shaidar kenel ta fi ta baki.

Ga kuma sauƙin hannu. Python da Go da Node, kayan rubuta manhaja, duk suna zuwa da soket na Unix a cikinsu, ko da yake na Node mai kwarara ne, sai ka sa tsawon saƙo a gabansa. Layukan kenel kuwa a Python sai ka ɗauko ƙarin kaya daga waje. Ranar da Alhaji ya buɗe reshe a Kasuwar Wambai aka ce saba ta koma wata na'ura, daga soket na gida zuwa na intanet gyaran kaɗan ne. Rauninsa ɗaya ne babba: idan saba ba ta nan, ba wanda zai karɓi ajiya, haɗuwa za ta ƙi. Ko wannan ma systemd na iya riƙe soket ɗin a madadinta, masu zuwa su jira a ƙofa har ta tashi.

Saƙon tes kuwa labarinsa daban, kuma a nan tambayata ta farko ta dawo. System V da POSIX da soket, duk ukun a ram suke zaune, wato ma'adanar da ke gogewa da an ɗauke wuta. Layin kenel yana tsallake mutuwar furoses, amma ba ya tsallake mutuwar na'ura. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, inbata na ƙara batir ya yi sanyi, ga netwok da ke iya ɗaukewa awa guda saƙonni su taru, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rasit da bai fita ba, mai saye na tsaye zai yi magana. Tes ɗin bashin da bai tafi ba, ba wanda zai sani sai ranar da aka zo lissafi ana musu. Bugu da ƙari, a layin kenel da zarar saba ta ɗauki saƙo ya fita kenan. Idan ta faɗi kafin ta aika, ya tafi da ita.

Masu magance wannan su ne dillalai, kuma sunan ya dace da su: kamar dillalin Dawanau, mai kaya ya sauke a wurinsa ya tafi, shi zai riƙe har mai saye ya zo, kuma yana da la'adarsa. RabbitMQ, wanda ya fito a 2007 aka rubuta shi da yaren manhaja na Erlang, shi ne cikakken dillali. Idan an saita shi haka, ba ya goge saƙo sai mai karɓa ya ba da shaidar ya gama, idan ya mutu kafin nan a miƙa wa wani. Yana da wurin rubuta adireshin amsa da lambar haɗa tambaya da amsarta, yana da inda ake tura saƙon da ya gagara. Amma kada ka ɗauka girka shi kaɗai ya isa. Sai ka ayyana layin a matsayin mai ɗorewa, ka kuma yi wa kowane saƙo alamar a rubuta shi a faifai, sannan mai aikawa ya jira tabbacin dillali. Ka bar ɗaya cikin ukun, wuta ta tafi, ka koma gidan jiya. La'adarsa kuwa ita ce wata saba ce guda da za ka girka, ka sabunta, ka sa wa ido, a kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur cikin ƙurar hunturu, wadda ba mai duba ta sai ta tsaya.

Redis ya fi shi sauƙin ɗauka, kuma da yawa suna da shi tuntuni a na'urarsu. Jerinsa na LPUSH da BRPOP layi ne cikin minti biyar, sai dai yana da ciwon layin kenel, abin da aka ɗauka ya fita. Streams da aka ƙara a sigar 5.0 a 2018 su ne masu shaidar karɓa. Ka kuma duba ajiyarsa: rubuta kowane canji a faifai ba a kunne yake zuwa ba, idan ka kunna ma saitin da aka saba shi ne sau ɗaya a daƙiƙa, wato kana iya rasa na daƙiƙar ƙarshe. ZeroMQ, duk da sunansa, ba dillali ba ne, soket ne mai wayo, layinsa a cikin furoses yake kuma tare suke mutuwa. Kafka kuwa, da LinkedIn suka ƙera don ambaliyar bayanai, kawo shi shago mai yara huɗu ɗaukar Dala ba gammo ne.

Duk dillalin da ka zaɓa, akwai abin da ba zai ɗauke maka ba. Saba ta aika tes, kafin ta ba da shaida wuta ta tafi. Da aka dawo, dillali bai ga shaida ba, ya sake miƙa saƙon. Mai saye ya ga tes biyu, ya ɗauka an rubuta masa bashi sau biyu, ya kira Alhaji rai a ɓace. Alkawarin dillali shi ne saƙo zai isa aƙalla sau ɗaya, ba sau ɗaya tak ba. Saboda haka kowane saƙo ya ɗauki lambar rasit ɗinsa, saba ta riƙa duba ko ta taɓa ganin lambar, kuma idan kamfanin tura tes ɗin na karɓar irin wannan lamba don tace maimaici, a miƙa masa ita.

Sai na tambaye shi ina yake ajiye cinikin kansa. Ya ce PostgreSQL. Na ce to ai dillalinka na cikin gida ba ka sani ba. Ka buɗe tebur ɗaya na saƙonnin da ke jiran tafiya. Lokacin da kake rubuta ciniki, a cikin wannan rubutun guda ka saka layin tes ɗin, ko su shiga tare ko su fasa tare. Wannan ko RabbitMQ ba zai ba ka shi kai tsaye ba, domin tsakanin rubuta ciniki da sanar da dillali akwai 'yar tazara, kuma wuta ba ta duba tazara. Furoses mai aikawa ya riƙa ɗauko waɗanda ba su tafi ba, ya yi musu alama in sun tafi. Idan masu aikawar sun zama biyu, SKIP LOCKED da aka ƙara a sigar 9.5 a 2016 zai hana su cin karo, LISTEN da NOTIFY kuma su tashe shi ba sai yana ta leƙe ba. Ba zai ɗauki lodin da dillalan gaske ke ɗauka ba, na sani. Amma shagon da ko ranar jajibiri cinikinsa bai wuce ɗaruruwa ba, bai kusa inda tebur zai gaji ba. Ranar da rassa suka yi yawa, manhajoji daban-daban suka fara neman labarin ciniki ɗaya, lokacin RabbitMQ ya yi, kuma teburin nan shi zai riƙa ciyar da shi.

Layin POSIX bai tashi a banza ba a lissafinmu. Akwai ƙaramin allo da Alhaji ke so a gefensa yana nuna ciniki na shigowa. Ba a jiran amsa, idan manhajar allon ta sake tashi ta tarar da abin da aka ajiye mata, idan wuta ta tafi an rasa kaɗan ba wanda ya yi asara tunda asalin na cikin PostgreSQL. Wurinsa kenan. Sai dai na ja masa kunne ya buɗe shi da O_NONBLOCK, saitin da ke hana tsayawa jira, ta ɓangaren masu aikawa, kada allon ado ya cika layi ya tsayar da ciniki.

Da zai tafi ana kiran magariba, na ce masa kafin ya kai wa Alhaji, ya tara tes 50 na gwaji a tebur, ya tayar da mai aikawa, yana tsakiyar aiki ya zare wayar wutar daga bango da hannunsa, ba kashewa ta allo ba. Ya mayar, ya ƙirga nawa suka isa, nawa suka isa sau biyu. Ya ce, "Kawu, kwamfutar fa ta Alhaji ce." Na miƙa masa wata tsohuwa da ke ƙarƙashin teburina, na ce ya dawo da ita ranar Asabar tare da lissafin.